Ranar da Aka Wanke Sama

Ya buɗe kujerarsa ta ninkewa a gaban bangon da ya saba, ya ɗaga kai, sai ya tsaya cak da burushi a hannu.

Wata bakwai ke nan mai rubutun allon shaguna yana zuwa gidan adana zane-zane duk Asabar, yana kwaikwayon zane ɗaya: kogi, bishiyoyi uku, da sama mai ruwan ƙasa kamar shayin da ya kwana. Wani gwani ne ya zana shi, ya fi shekara ɗari da rasuwa. Wata malamar zane ce ta gindaya masa sharaɗi. Yau za ta zo ta jera nasa da na asali, in sun dace ta karɓe shi a ajinta, in ba su dace ba ya koma rubuta "Ana Ɗinki A Nan". Ya haura hamsin, haruffa kuma sun gundure shi har wuya.

Saman nan ce ta fi ba shi wuya. Wata huɗu ya yi yana cakuɗa ja da rawaya da ɗigon baƙi kafin ya samo launinta, har matarsa ta gaji da tsiya, sai dai ta kwashe tsummokaran ta wanke.

Yau kuwa sama shuɗiya ce tas, kogin ma haka.

"Baba, canza shi aka yi?" ya tambayi tsohon da ke gadin ɗakin.

"Shi ne dai. Sati ukun nan da aka sauke shi, ai wanki aka kai shi." Tsohon ya yi hamma. "Wai man da aka shafa masa ne ya tsufa, ga ƙura, ga hayaƙi. Shekarata ashirin a nan, ashe dauɗa nake gadi."

Ya dubi nasa. Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Dauɗar shekara ɗari ya koya, kuma wallahi ya iya ta. Ya zauna a kujerar.

"Yaushe malamar taka za ta zo?" in ji tsohon.

"Ƙarfe biyu."

"To ka ga sha ɗaya ta gota. Shafa shuɗi a kai mana, wa zai sani?"

Ya zazzage jakar fentinsa a ƙasa. Ja uku, rawaya biyar, baƙi, fari, duk an matse su sun lanƙwashe. Ya daɗe yana jujjuya su da yatsa.

"Ban taɓa sayen shuɗi ba, Baba," in ji shi. "Ban ga inda zan sa shi ba."