Ramin Yagana da Kududdufin Ɗan Azumi

A damanar da ta biyo bayan farin tamanin da huɗu ne Yagana ta haƙa ramin da ya raba ta da wan mijinta, Ɗan Azumi.

Ƙauyensu yana yamma da Tanut, wajen kwarin Tarka. Mijinta Idrisa ya tafi cin rani Kano tun yunwa na tsaka, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da akuya guda. Gidan nasu a gangare yake. In aka yi ruwa, na indararonta da na lungu sai su haɗu a tsakar gida, su kwashe ƙasa, su fice ta rariyar katanga zuwa kududdufin Ɗan Azumi, inda yake kwaɓa tubali yana kuma shayar da awakinsa. Yagana ta gaji da ganin ruwa yana ratsa gidanta kamar baƙon da bai san sallama ba, alhali rijiyar garin sai an haɗa igiya biyu kafin guga ya taɓa ruwa.

Sai ta ɗauki galma. Ta haƙa rami mai faɗi, zurfinsa bai kai gwiwa ba, ta cakuɗa ƙasar da kashin awaki da ƙaiƙayi. Ta jera duwatsu inda ruwan indararo ke faɗowa don kada ya ci ƙasa. Ta dasa gamba a gefe ta riƙe bakin ramin, ta shuka yakuwa da kuɓewa da lalo a ciki, zogale kuwa ta sa shi a tudu, don ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Da ta gama, ta kwaɓa laka ta liƙe rariyar.

Ruwan farko ya sauka, ramin ya cika, kashegari ƙasa ta shanye shi tas, danshi ya zauna. Kududdufi kuwa ko kaza ba ta jiƙa baki a ciki ba.

Ɗan Azumi ya shigo ba sallama. Fari ya cinye masa shanu kaf, tun daga nan bakinsa ya yi ɗaci.

"Ke Yagana, wa ya toshe rariyar nan?"

"Ni ce, Yaya."

"Ubanmu ne ya huda ta da hannunsa, tun ba a san za a auro ki ba."

"Allah ya ji ƙansa. Shi ma da ya ga jikokinsa suna cin tuwo da ruwan gishiri, da ya toshe ta."

"Gidan ƙanena ne, ba gidan ubanki ba."

"To ƙanen naka ya zo ya buɗe."

Ya sa gindin sandarsa ya fasa lakar, ya fita yana huci. Kafin la'asar ta sake liƙewa. Haka suka yi ta yi, shi fashi ita liƙi, har gaisuwa ta mutu tsakaninsu. Matarsa Asibi, wadda a da suke daka tare a turmi ɗaya, ta koma yi mata habaici ta kan katanga, wai wata ta haƙa wa sauro masauki. Yagana ta san ƙarya ne, ruwanta ba ya kwana biyu. Ta ci gaba da cire ciyawa, tana ƙara ƙaiƙayi a gindin kuɓewa.

Ranar kasuwa Yagana ta dawo gida da hantsi ta tarar da kyauren gidanta a buɗe, awakin Ɗan Azumi suna tsakiyar ramin. Sun aske yakuwa, sun karya zogale. Ba ta yi kuka ba. Ta cafke bunsurun a ƙaho, ta ja shi yana turjewa har ƙofar Maigari, mutane na biye da ita.

Maigari ya sa aka kira Ɗan Azumi, ya saurari kowa.

"Ranka ya daɗe, awaki ba su san iyaka ba," in ji Ɗan Azumi.

"Amma sun san kwance igiyar kyaure," in ji Yagana.

Maigari ya ɗaga hannu. Ya ce ruwan da ya sauka a rufin Yagana nata ne, ta yi yadda ta so da shi. Ruwan lungu kuwa na hanya ne, dole ta ba shi hanya. Ɓarnar awaki kuma, Ɗan Azumi ya kawo ƙayar shinge. Kowa ya tashi yana ganin an cuce shi. Ƙayar ba ta zo ba, ita ta je daji ta saro ta aduwa, hannunta duk jini. Ta yanka ƙaramar kwata a gefen ramin don ruwan lungu ya wuce. Yakuwa ta sake toho, kuɓewa ta yi fure.

Tsakiyar damana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Katangar da ke tsakaninsu ta jiƙe ta zube, ta danne akurkin Asibi. Ɗan Azumi ya tsaya kan ɓaraguzan yana nuna ramin.

"Kin gani? Danshinki ya ci gindin gini!"

"Rariyar da ka ce a buɗe ce ta ci shi!"

A ranta dai ta duba ta ga ramin ya matsi katangar fiye da kima. Ba ta faɗa ba, kuma ba ta da niyyar faɗa. Shi mai tubali ya rantse ba zai sa ko ɗaya ba. Ita kuma ta saƙa zana da gambarta ta kafa, ta juya mummunan gefen wajensa.

Da kaka Idrisa ya dawo, ya rame, da 'yar rediyo a hannu. Ya ci tuwo da miyar yakuwa har ya siɗe kwano, sannan ya tafi gaida wansa. Ya daɗe a can. Da ya dawo ya zauna bakin ramin yana wasa da ƙasa.

"Yagana, Yaya ya ce a cike shi."

"Kai fa, me ka ce?"

"Ciki ɗaya muka fito. Ba zan yi gaba da shi a kan kuɓewa ba."

"Lokacin da ba ka nan, cikin ɗayan bai aiko wa 'ya'yanka ko zangarniya ba. Ga fartanya can. Ka cike da hannunka, ni ba zan taya ka ba."

Idrisa ya dubi fartanyar, ya dubi kuɓewar da aka yanka aka shanya a rufi. Ya ce bari rana ta yi sanyi. Kashegari ya ce bayansa na ciwo. Ɗan Azumi ya jira har ya gane ba za a cike ramin ba, daga nan ya daina amsa sallamar ƙanen nasa, a masallaci ma ya sauya sahu.

Da bazara Yagana ta cike gefen da ke kusa da iyaka, ta faɗaɗa ramin ta wajen ɗakinta, ta ƙara lalle da barkono. Matan unguwa suka riƙa zuwa roƙon iri, wasu suka haƙa nasu. Asibi ba ta taɓa zuwa ba. Da aka yi suna a gidan Ɗan Azumi, an rarraba goro gida gida, aka tsallake ƙofar Idrisa. Yagana ta ji guɗa ta bayan zana, ta ci gaba da tsinkar lalo.