Wasiƙar Yaya da Na Gyara

Ƙamus suke kirana a layinmu, kuma a da sunan yana min daɗi, ba zan ɓoye ba. Shekara tara ina zaune a shagon buga takardu, daga ni sai kwamfuta sai firinta mai tari kamar tsoho. Duk mai son rubuta wa ofis wasiƙa da Turanci wurina yake zuwa. In ya kawo kalma siririya, in cire in sa masa mai ƙiba. Haka nake aikina.

Wata ranar Talata Yaya ya shigo, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Shi ne babban wanmu, shekara goma sha bakwai yana kula da sito a wani kamfanin magani, da aikin yake riƙe 'ya'ya biyar. Babban firjin siton ne ya mutu, allurai suka lalace, aka ba shi kwana biyu ya rubuta bayani, in bai gamsar ba a sallame shi.

Ya miƙo min takardar da ya yaga daga littafin makarantar 'yarsa. Layi shida ne, da biro. Ranar kaza ya faɗa wa manaja firji yana ƙara, ranar kaza ya sake faɗa, ranar kaza ya faɗa na uku. Shi ke nan.

"Auta, buga min kawai. Kada ki taɓa komai."

Na tuntsire da dariya. "Haba Yaya! Wannan ai Turancin 'yan firamare ne. Da shi za ka je gaban manya? Kuma wa ya ce maka ana lissafa wa na sama laifinsa? Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"Ni dai abin da ya faru na rubuta."

"Kai ka san firji, ni na san Turanci. Zauna ka huta."

Na buɗo tsohuwar wasiƙar ban haƙuri da na buga wa mutum ya fi ɗari, na sauya kanta. Ranakun nan uku na share su, wai suna ɓata tsari. Na ɗauko kalmar da nake ji da ita, negligence, na dasa a tsakiya. Wallahi na san sakaci take nufi. Daɗin faɗarta kawai nake ji, ban tsaya na tambayi kaina sakacin wa ba.

Yaya ya bi layukan da yatsa a hankali, ya tsaya a kan kalmar. "Wannan fa?"

"Ladabi ne."

Ya dube ni, ya sa hannu. "To, ai ke kika yi boko."

Kwamitin da kamfanin ya kafa don duba bayanin ko minti goma bai yi ba. Manaja da kansa ya karanto wurin da Yaya ya nemi afuwa kan sakacinsa. Yaya ya ce sau uku ya kawo rahoto, suka ce ya nuna a takardar. Ina zai nuna? Ni na share da hannuna. A ranar aka karɓe makullai.

Da ya zage ni da na ji sanyi. Matarsa ce ta faɗa min yadda aka yi, na rufe shago na yi kuka har idona ya kumbura. Takardarsa mai layi shida tana nan a durowa, na karanta ta ban san iyaka ba, ban ga kalma ɗaya da ke neman gyara ba. Kaicona.

Makon jiya ya shigo, wata bakwai yana zaman gida. Aikin gadi zai nema a wata makaranta, ya rubuto da biro. Na miƙa hannu, bai ba ni ba.

"Fotokwafi kawai, Auta."

Da kansa ya ɗora takardar a kan gilashin injin, ya rufe, ya dafe murfin da tafin hannunsa. Bai ɗaga ba sai da ta fito.