Filafilin Ejnar

Solvej tana sauka daga bas a bakin ƙauyen ta hango surukinta Ejnar tsaye a ƙofar gida, sanye da kwat ɗinsa ta zuwa biki, yana ɗaga mata hannu. Ta sake kiran mijinta a waya.

"Mikkel, da gaske ba za ka zo ba? Babanka ne fa."

"Babana ne, amma na'urarki ce ta yi ɓarnar," ya ce, ya kashe wayar.

Da bazara Ejnar yana haƙa magudanar ruwa a fadamar bayan gidansa ya tono wani filafilin kwalekwale, baƙi ƙirin. Nan take ya yanke hukuncin cewa na zamanin Baikin ne, maharan teku na dā. Ƙaramin gidan tarihin ƙauyen ya yi murna, har an sa yammacin yau zai miƙa shi, ya yi jawabi. Shi da kansa ya matsa wa Solvej ta ɓanɓari kaɗan ta gwada a wurin aikinta a birnin Aarhus, inda ake gano shekarun tsofaffin kaya. Jiya sakamakon ya fito.

A kicin, matarsa Gudrun ta zuba kofi, ta turo farantin burodi da kifi.

"To, Farfesa," in ji Ejnar yana murza hannu, "shekara dubu, ko ta ɗara?"

Solvej ta kurɓi kofi don ta samu lokaci.

"Ka san kowace bishiya tana shaƙar wani sinadari, kabon, daga iska. Ƙwayoyin kabon duk 'yan gida ɗaya ne, sai dai akwai wani irinsu da cibiyarsa ta fi nauyi, kuma shi ba ya daɗewa. Da an sare bishiya sai ya yi ta raguwa a hankali. Abin da ya saura muke aunawa."

"Kuka tarar nawa ya kusa ƙarewa."

"Mun tarar ya yi yawa, Ejnar. Ya fi na bishiyar da aka sare yau."

Ya tsaya da tauna.

"Lokacin da manyan ƙasashe suke gwajin bam ɗin nukiliya a sama, sun cika iska da irin wannan kabon. Bishiyarka ta shaƙi iskar nan. A tsakiyar shekarun 1960 aka sare ta."

Gudrun ta ajiye buta, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wato na girme shi?" in ji ta. "Ashe ni ya kamata a kai gidan tarihin!"

Kunnuwan Ejnar suka yi ja.

"Ku masu ilimin nan! Muna makaranta aka ce mana atam, irin ƙwayar nan da kike faɗa, kamar rana ce, ƙananan abubuwa na zagaya ta. Malaminmu ya ce a dā cewa ake yi kamar kek ne da aka barbaɗa wa zabibi. Yanzu jikana ya ce gajimare ne. Gobe ma wata za ku ce."

"Duk sanda gwaji ya ƙaryata hoto, sai mu sake zanawa," ta ce a hankali. "Wannan kuwa sau biyu na gwada, don na so a ce ni ce na yi kuskure."

Ya ture kujera ya fita. Gudrun ta share hawayen dariya, ta nuna mata ƙofa da haɓa.

A ɗakin ajiya Solvej ta same shi, ya kwance filafilin daga bargon da ya naɗe shi, ya kai shi jikin taga yana shafa mariƙin da babban yatsa. Ta shirya ba da haƙuri, sai ya riga ta magana.

"Tsakiyar sittin kika ce?"

"E."

"Yayana Aksel ya taɓa haɗa kwalekwale a lokacin. Shi ke tuƙi, ni ke kwalfe ruwa da gwangwani. Wurin nan tafki ne a dā, kafin a zurare shi. Ranar farko ya kife da mu. Muka fito jiƙe sharkaf muna dariya, filafili ya tafi." Ya juya shi a hannunsa. "Bahago ne Aksel. Dubi yadda ya fafe mariƙin. Tun da na tono shi nake mamakin abin da ya sa bai zauna mini a hannun dama ba."

"Mikkel bai taɓa ce mini kana da wa ba."

"Bai san shi ba. A shekarar nan, lokacin kaka, ya shiga jirgin kamun kifi, bai dawo ba. Ko takalminsa ba mu samu ba."

Daga kicin ana jin ƙarar kofuna.

"In kira mutanen gidan tarihi in ce an fasa?" ta tambaya.

"A fasa me? Sun riga sun jera kujeru." Ya gyara wuyan kwat ɗinsa, ya saɓa filafilin a kafaɗa. "Ke ki yi musu bayanin bam, ni in ba su labarin Aksel. Amma ki faɗa musu tun daga ƙofa, kallo kawai za su yi. Da shi zan dawo gida."