Tukunyar da Dogo Ya Wanke

Da safe yayan Likita ya kira Dogo daga gida. Likita laƙabi ne na abokin ɗakinsa a jami'ar da suka zo karatu ƙasar waje.

"Baba ya rasu jiya, har mun kai shi. Kada ka faɗa masa sai ya fito jarrabawa gobe."

Dogo ya ce to. Da ya ajiye waya ya rasa wanne ya fi nauyi, amanar yayan ko haƙƙin ɗan. Zama ya gagare shi. Ya share ɗaki, ya kankare tukunyar da suka yi kwanaki suna gardamar wa zai wanke.

Likita ya dawo daga laburare, ya leƙa kicin, ya fashe da dariya.

"Dogo, kai da wanke-wanke? Sarkin ƙiuya! Yau wa ya mutu?"

Dogo ya ci gaba da ɗauraye tukunyar. Ya nemi ƙaryar da zai yi, bai samu ba.

Dariyar ta ɗauke. Likita ya sauke jakarsa, ya zauna.

"Inna ko Baba?"

Dogo ya kashe famfo. "Baba ne. Sai haƙuri."