Mutum Goma Sha Bakwai a Ƙofar Zaure

Mutum na goma sha bakwai ya cire ƙaton tabaran daga fuskarsa, ya miƙa wa Dakta Sa'adu da hannu biyu, ya ce gida ya yi kyau, Allah ya sanya albarka. Shi ma bai shiga ba.

Shekara tara Sa'adu ya yi a jami'a yana gina gidan nan cikin ordinater, wato kwamfuta: gidan ƙasa irin na tsohuwar Matameye, da zaure, da rumbu, har da kaji. Duk wanda ya sa tabaran sai ya ga kansa tsaye a ƙofar gidan. Abin da ya rage a binciken shi ne ya nuna cewa mutanen gari za su iya yawo a ciki ba tare da an koya musu ba. Ranar Litinin zai miƙa dosiyen takardunsa na neman ƙarin girma. In babu wannan sakamako, sai wata shekara kuma.

Amma tun safe, kowa ya sa sai ya tsaya cak a bakin zaure, ya motsa leɓe, ya jira, ya cire. Sa'adu, da abin saurare toshe a kunne da ido a kan allo, har ya rubuta: "Mutanen karkara suna tsoron fasaha." Irin jimlar da manyan mujallu ba sa neman hujjarta.

Ana kusa da la'asar kawunsa Mahamadu tela ya leƙo.

"Dakta marar allura! Kawo abin naka in gani."

Ya sa, ya gyara tsayuwa, ya kwaɗa, "Salamu alaikum!" da muryar da ta ratsa abin kunnen Sa'adu. Ya jira. Ya sake. A ta uku ya juya baya.

"Masu gidan ba sa nan."

"Kawu, ai babu kowa a ciki. Zane ne."

"To don babu kowa sai in faɗa gidan mutane? Ɓarawo ka ɗauke ni?"

Sa'adu ya daɗe yana kallon jimlar da ya rubuta, sannan ya goge ta. Ya ce, "Kawu, don Allah sake yi."

"Salamu alaikum!"

"Wa alaikumus salam. Bismillah, a shigo," in ji Sa'adu.

Tsohon ya tuɓe takalmansa a kan siminti, ya sunkuya, ya taka. A allo, ɗigon da ke nuna inda mai tabaran yake, wanda ya wuni kafe wuri ɗaya, ya ratsa zaure, ya nufi rumbu. Sa'adu ya cire abin sauraren daga kunnensa.

"Na gode, Kawu. Yanzu zan aika a kira mini sauran. Sunanka kuma zai shiga takardar, gaba da nawa."

"Bar sunana inda yake," in ji Kawu daga tsakar gidan, yana waige-waige. "Amma mutanen nan ba su san baƙo ba. Ko ruwa?"

Sa'adu ya tashi ya ɗebo a randa, ya sa masa kofin a hannu.