Hujin da Ya Ƙi Sha

Kek ɗin Umma ba irin wanda ake gasawa yau a cinye gobe ba ne. Tun hutun ƙarshen shekara yana nesa take haɗa shi, da zabibi da dabino da ɓawon lemo, dogo kamar bulo. In ya huce ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta rufe a gwangwani, ta tura can ƙuryar kabad inda ba rana ba ɗumi. Duk mako ta fito da shi ta shayar da shi ruwan lemo da zuma, don kada ya bushe.

Shayarwar ma da tsarinta, haka ta gada wurin mahaifiyarta. Da tsinke ake huda kek ɗin a jere, kowa na gida da hujinsa. Na wadda ta gasa ne farko, sai na maigida, sai na ɗansu, na 'yarsu Auta a ƙarshe. Ana manna ƙwayar kashu a gefen farko don a gane kai da gindi. Abin da ba a faɗa da ƙarfi shi ne, hujin da ya ƙi sha, mai shi ba ya kaiwa ranar yanka kek ɗin da rai. Umma ta gani da idonta shekarar da mahaifinta ya rasu, don haka ba ta wasa da shi.

Ranar nan da hantsi ta kwance ƙyallen, sai ta ga ba kashu. Gurbinsa ma ya shafe, zuma ta cike shi.

"Baban yara, kai ka taɓa gwangwanin nan?"

Yana falo yana gyaran rediyo, ko ɗagowa bai yi ba. "Ɗan kashu ɗaya ne fa. Na ma juya miki shi, na naɗe tsaf."

Mutumin da ko hularsa bai iya ajiyewa daidai ba, wai ya naɗe tsaf. Umma ta haɗiye maganar, ta ɗauki cokali. Hujin gefe ya shanye. Na tsakiya biyu suka shanye. Da ta zo ɗaya gefen, ruwan ya tsaya cak a bakin hujin yana ƙyalli.

Ta sa tsinke ta ƙara buɗa shi. Ta ɗumama ruwan ta sake zubawa. Ya taru, ya gangaro ta gefe, ya jiƙa ƙyallen. Kicin ɗin ya yi tsit, har ƙarar firij ta ɗauke, sai ƙamshin lemo da ya yi nauyi kamar a ɗakin mahaifiyarta. Tsoro ya kama ta sosai.

Hujin gefe ne. Ko nata, ko na Auta. Kuma Auta tana ɗaki kwance da tsohon ciki, ƙafafu a kumbure, likita ya ce a riƙa lura da ita.

"Da ka ɗauke kashun, ta wane gefe yake?"

"Oho. Ke ma dai, kek yana da gabas da yamma ne?"

Ta juya kek ɗin, ta sake juyawa. Gefen nan zabibi, gefen can zabibi. Hannunta ne ya yi hujin duka, da tsinke ɗaya, babu wanda ya fi wani faɗi. Ta daɗe a tsaye tana jin tarin Auta ta bango.

Sai ta buɗe kwalba ta zaɓi kashu mai kyau, wanda bai fashe ba. Ta dangwala shi a zuma, ta manna shi a gefen hujin da ya ƙi sha, ta danna da babban yatsa har ya zauna.

"Nan ne kai," ta ce a hankali. "Nan ne farko."

Firij ya ci gaba da ƙara. Umma ta wanke cokalin, ta goge hannu a zani, ta leƙa ɗakin 'yarta.

"Auta, taso a hankali ki zo kicin."

"Umma, bayana ciwo yake. Ba zai bari sai anjima ba?"

"Taso dai, ga kujera. Zo ki ga yadda ake shayar da shi, da yadda ake naɗewa. Baɗi ke za ki yi."