Kwalbar da ke Bayan Hoto

Tun da Mama ta rasu Baba ya raba gari da abinci. Ba wai ƙi yake yi ba, a'a, ba ya son ɓata wa kowa rai. Zai wanke hannu, ya yi loma kaɗan, ya ce, "Allah ya yi albarka," ya ture farantin ya jawo littafinsa. Tsohon mai ɗinkin littattafai ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa littattafan mutane bango, ga shi yanzu shi ma ya zama kamar littafin da zarensa ya saki. Agogonsa ma har ya fara zamewa zuwa tafin hannu.

Babbar 'yarsa, wadda 'yan gidan ke kira Ƙyasƙyas saboda tun tana yarinya kyamara ba ta barin wuyanta, ita ta tattaro kayanta ta dawo gida. Likita ya duba shi ciki da waje, ya ce babu cuta, a dai samo masa abin da ransa ke so. To wa bai san abin da ransa ke so ba? Miyar Mama yake so, ita kuwa ta bi mai ita.

Babu irin ƙoƙarin da Ƙyasƙyas ba ta yi ba. Albasar nan ce dai, tumatirin nan, naman nan, tukunyar ma ita ce mai lanƙwasasshen kunne. Goggo, ƙanwar Baba, ta ce a ƙara mai, aka ƙara. Ƙanenta ya ce a waya, "Yaya, anya ba yunwar yarinta ce ta sa muke jin daɗinta ba?" Ta kashe wayar don haushi. Yunwar me? Ƙamshin nan ne ke tarbarta tun daga bakin ƙofa in ta dawo makaranta, kuma ita ma kewarsa take yi, kewa mai tsanani, har takan buɗe tsohuwar tukunyar ta shinshina ko ya rage.

Wata safiya tana jera tsofaffin hotunan da ta ɗauka, sai ta ci karo da na ƙanen nata yana yaro, ya washe giɓi yana nuna sabon takalmi. Bayansa ƙofar kicin ce a ɗan buɗe, kuma can ciki, kusa da murhu, ga wata 'yar kwalba da ba ta taɓa gani a gidan ba. Ta matso da hoton kusa da idonta. Ta lalubo fim ɗin hoton a ƙasan akwati, ta saka takalmi.

Shagon mai wankin hoto yana tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa, bangonsa cike da hotunan da masu su ba su dawo karɓa ba. Mutumin ya ɗaga fim ɗin sama ya kanne ido ɗaya.

"Wannan mai giɓin za a faɗaɗa?"

"Rabu da shi, yanzu ya yi tumbi, ba mai son ganinsa. Kwalbar can nake so."

"Kwalba? Malama, na faɗaɗa amare, na faɗaɗa motoci, har akuya an taɓa kawo mini. Kwalba dai yau na fara."

Ya saka hoton a kwamfuta ya yi ta jawo shi. Kwalbar ta girma, ta ƙara girma, sai ta tarwatse ta zama ɗige-ɗige. Babu rubutu a jikinta, ba a ma gane launin abin da ke ciki.

"Ko yaji ne ko maɓallai, Allah kaɗai ya sani," in ji shi. "Ki yi haƙuri."

Ya fara janye hoton gefe zai rufe, sai ta dafe teburin.

"Tsaya! Koma ƙasa kaɗan."

A saman tukunyar da ke kan murhun akwai hannu, yatsu a tsuke suna barbaɗa wani abu. Hannu ne mai kauri, da agogo an juya fuskarsa ciki, yadda mai aiki da gam ke yi don kada gilashin ya ɓaci. Mama ba ta taɓa ɗaura agogo ba. Mutum ɗaya ke ɗaura shi haka a gidansu. Ta sa mai shagon ya wanke mata wannan gefen hoton.

A motar komawa gida abin ya yi ta warware mata. Kullum in miya ta kusa nuna, Mama takan ce, "Bari in kwaso shanya," ko da babu ko ƙyalle a igiya, ta kore su duka waje wai su bar miya ta huta. Ga kuma Goggo, da bakinta ba ya riƙe magana, ta taɓa cewa Mama ta shigo gidan ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba, dangi har sun fara gutsiri-tsoma, sai kawai aka wayi gari ta fi kowa. Ashe! Baƙi su ci su lashe hannu su yaba wa Mama, shi kuwa gogan yana gefe yana gyaɗa kai kamar bai san komai ba. Ƙyasƙyas ta fashe da dariya ita kaɗai, dariyar ta koma kuka, har matar da ke kusa da ita ta miƙo mata hankici.

Ta shigo gida da niyyar ta ajiye masa hoton a gaba ta ce, "Baba, an kama ka." Ta tarar da shi a falo ya kunna tsohon fim ɗin da suka saba kallo da Mama, yana zaune a gefe ɗaya na doguwar kujera, ya bar ɗaya gefen. Sai ta ja ta tsaya a bakin ƙofa. Mutumin da ya rufa wa matarsa asiri tsawon zamansu, ita ce za ta zo ta tone shi bayan ƙasa ta rufe idon matar? Ta cusa hoton a jaka ta wuce kicin.

Ta yanka, ta soya, ta zuba ruwa. Da miyar ta kusa nuna ta rage wuta, ta bar murfin a karkace, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Bari in kwaso shanya."

Tawul ɗaya ne tal a igiyar. Ta tsaya a bayan gida ta riƙe shi, tana jin maganar 'yan fim ta taga. Babu motsin Baba. Ta ce a ranta wauta ta yi, ta fama wa tsoho ciwo a banza, ga miya za ta kama.

Can sai fim ɗin ya tsaya. Ta ji jan silifas a hankali, ya nufi ɗakin aikinsa. Ta ji ƙarar aljihun teburin da yake ajiye zare da allura da gam, wurin da ba wanda zai nemi kayan miya. Silifas ɗin ya dawo, murfi ya motsa, cokali ya ƙwanƙwasa bakin tukunya. Ba a jima ba ƙamshin ya biyo ta taga ya same ta, shi ɗin ne dai, na bakin ƙofar makaranta.

Sai Baba ya yi ɗan gyaran murya. Ta san wannan gyaran muryar. Duk yarintarta tana jin sa, ta ɗauka yaji ne ke shaƙe shi, kuma da an yi shi Mama ke tashi ta koma ciki. Ya sake yi, a hankali, ya jira. Ƙyasƙyas ta danna tawul ɗin a bakinta, don ta san ba ita ake kira ba.

Da ta shigo har ya koma kujerarsa. Ta zuba masa, ta zauna nesa kaɗan tana satar kallonsa. Ya yi lomar farko ya daɗe bai haɗiye ba. Daga nan ya ci, ya ci, ya suɗe farantin da yatsa, ya miƙo mata shi ba tare da ya dube ta ba. Ta ƙara masa.

Sai da ya wanke hannu ya jawo littafinsa, ya buɗe, ya kafa ido a shafin.

"Gobe ma akwai shanya?" ya ce.

"Akwai, Baba," in ji ta. "Kullum akwai."